Nazarin lamari: F2 ta koma rage sauti, mako 5 ana kokawa da kibod ɗin laftof

Kafin matsalar

Wata abokiyar aikina ce, aikinta shigar da lissafi a Excel da buga wasiƙu a Word, daga safe har a tashi. Shekara 9 ta yi a kan kwamfutar tebur mai cikakken kibod, irin mai maɓallai 104 ɗin nan da lambobi a gefen dama. Tana cikin mutanen da hannunsu ya haddace aiki har kai ya manta, in ka tambaye ta me take dannawa ta gyara lamba a cikin gidan Excel (ɗan akwatin da ake rubuta lamba a ciki) sai ta tsaya tana kallon yatsunta, amma in ta zauna aiki ba ta taɓa linzami sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Maɓallan da rayuwarta ta rataya a kai ba su da yawa. F2 don shiga cikin gida ta gyara abin da ke ciki ba tare da ta goge shi ba. F4 don maimaita abin da ta yi na ƙarshe, ko kuma in tana cikin fomula ta kafe adireshin gida, A1 ya koma $A$1. F12 don ajiye fayil da sabon suna. Shift+F3 a Word don juya rubutu daga ƙananan baƙaƙe zuwa manya. Sai Ctrl+C da Ctrl+V da Ctrl+Z, waɗanda ƙaramin yatsanta na hagu ya san inda Ctrl yake ko da ido a rufe, can kusurwar ƙasa.

Wannan layi na F ba sabon abu ba ne. Kwamfutar IBM ta 1981 guda 10 gare ta, F1 zuwa F10, jere biyu a gefen hagu, sai a tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya fito da kibod mai maɓallai 101 wanda ya maida su 12 a layin sama, kuma tsarin da ake bi ke nan har yau. Masu ƙera laftof kuma da wuri ya yi musu kaɗan sai suka ɗora wa kowane F aiki na biyu, sauti, hasken sikirin, makirfo, da sauransu, suka ƙara maɓallin Fn ya zama mai raba gardama. A laftof da yawa na yanzu aiki na biyun ne ma ya zama na farko, F2 ta gaskiya sai ka haɗa da Fn kafin ka same ta.

Kwana 1 zuwa 3: sabuwar laftof

Ran Litinin aka karɓe tsohuwar aka ba ta laftof mai Windows 11. Tun kafin azahar ta gane akwai matsala. A kan wannan na'urar F2 rage sauti take yi, F4 kashe makirfo, F12 kuma yanayin jirgin sama, wato ta yanke intanet gaba ɗaya. Na biyu, Fn ne zaune a kusurwar hagu ta ƙasa, Ctrl an tura shi gefensa na dama.

Abin da ya sa wannan ya wuce ɓacin rai kawai shi ne yadda Excel ke aiki. In kana kan gida ka danna F2 sannan Backspace, lamba ɗaya ta ƙarshe kake gogewa. In F2 ba ta shiga ba ka danna Backspace, duk abin da ke gidan ya tafi. To ita hannunta ya saba, F2, Backspace, sabuwar lamba, Enter, duk cikin ƙiftawar ido, sai ga 48750 ya koma 5 kuma ta wuce gida na gaba ba ta lura ba. In ta lura ta kai yatsa Ctrl+Z ta dawo da shi, Fn take dannawa, babu abin da ke dawowa. Haka Ctrl+C, wani lokacin harafin c ne kawai ke fitowa ya cinye abin da ke gidan.

F12 kuma sau biyu tana yanke mata intanet tana tsakiyar tura fayil, ta tashi ta je tana duba ko na kowa ne ya ɗauke.

A kwana na 3 ta ajiye takarda a gefe tana yin layi duk lokacin da ta danna kuskure. Daga ƙarfe 9 zuwa 12 ta ƙirga 37. Shafi mai layi 200 da ta saba gamawa cikin kamar minti 50 ya ɗauke ta awa 1 da minti 20, har da komawa baya duba abin da ta ɓata.

Ƙarshen mako na 1: Fn+Esc

Da farko ta gwada haƙuri, wato ta riƙa haɗa Fn da kowane F. Ya yi kwana biyu. Shift+F3 ya zama maɓalli uku, hannu a murɗe, da yamma wuyan hannunta na ciwo, kuma da zarar hankalinta ya koma kan lissafi hannu ya koma tsohuwar al'adarsa.

Wani ya nuna mata ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa da ke jikin Esc, ya ce ta danna Fn+Esc. Wannan shi ake kira Fn Lock, laftof da yawa suna da shi, yana juya layin F ɗin ya koma yadda aka sani. Ya yi aiki nan take, ta yi murna, F2 ta dawo. Washegari da ta kunna kwamfutar F2 ta koma rage sauti. A kan tata na'urar makullin ba ya zama, duk kashewa da kunnawa sai an sake. Ba duka ne ke haka ba, wasu suna riƙewa, tata dai ba ta riƙe. Kullum da safe sai ta ɓata gida ɗaya ko biyu kafin ta tuna. Kuma bai taɓa matsalar Ctrl ba ko kaɗan.

An ambata mata BIOS a wannan makon, wato saitunan tushe na kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, ta ce a'a, ta ji ana cewa nan ne ake shiga a kashe kwamfuta har lahira. Aka bar maganar.

Mako na 2: SharpKeys

Ta nemo wata ƙaramar manhaja ta kyauta, SharpKeys. Abin da take yi shi ne ta rubuta wani saiti mai suna Scancode Map a cikin Registry na Windows (ma'ajiyar saitunansa), wanda ke ce wa Windows in lambar wannan maɓalli ta zo ka ɗauke ta a matsayin ta wancan. Maɓalli ɗaya zuwa maɓalli ɗaya kawai, ba ta iya haɗi irin Ctrl+C, kuma sai an ristat kafin ya fara aiki.

Burinta ta musanya Fn da Ctrl. Ta buɗe wurin da ake danna maɓalli manhajar ta gane shi, ta danna Ctrl ya fito, ta danna A ya fito, ta danna Fn shiru. Ta danna ya fi sau goma. Shiru.

Da wannan ya ƙi sai ta bi wata shawara da ta gani, ta maida Caps Lock ya zama Ctrl, tunda yana kusa da ƙaramin yatsa kuma babba ne. Ta rubuta a Registry, ta ristat, sai ga shafin shiga yana neman kalmar sirri. Ita kuma duk tsawon shekarun nan ba da Shift take buga babban baƙi ba, Caps Lock take taɓawa ta buga harafin ta sake taɓawa. Kalmar sirrinta da babban baƙi ta fara. Ta buga, ya ƙi. Ta sake a hankali, ya ƙi. A na uku gumi ya fara karyo mata, ta kira ni a waya.

"Malam, an yi min kutse, fasuwod ɗina ya daina aiki."

"Hajiya me kika taɓa kafin ki kashe?"

"Ban taɓa komai ba wallahi, kibod kawai na gyara."

Na ce ta riƙe Shift ta buga harafin farko. Ta shiga.

Abin da ba ta sani ba, Scancode Map yana aiki tun kafin kowa ya shiga, kuma yana kan duk wanda ke amfani da kwamfutar da duk kibod ɗin da aka jona mata. Wanda ke karɓar laftof ɗin ran Juma'a don ya yi rahoto shi ma ya zo yana cewa Caps Lock ya mutu. Ta ji haushi ta cire SharpKeys daga kwamfutar gaba ɗaya, ta ristat, Caps Lock yana nan a matsayin Ctrl, domin manhajar ta riga ta rubuta abinta ta tafi, cire ta ba ya goge rubutun. Kwana 3 aka yi a haka kafin ta sake sauke ta, ta goge layin, ta sake rubutawa a Registry, ta ristat, sannan Caps Lock ya dawo.

Mako na 3: PowerToys

Daga nan ta koma PowerToys, tarin ƙananan kayan aiki na Microsoft da aka farfaɗo da shi a 2019, wanda aka ƙara masa Keyboard Manager a 2020. Shi ba ya taɓa Registry irin na waccan, zama yake a bayan fage yana tare maɓalli kafin ya isa manhajar da kake ciki ya canza shi, saboda haka babu ristat, in ka kashe shi komai ya koma yadda yake. Kuma yana iya haɗi.

Fn dai nan ma bai ganu ba, kuma bayanin manhajar da kansa ya faɗi cewa galibi ba a iya canza Fn, kamar yadda ba a iya taɓa Win+L da Ctrl+Alt+Del. Sai ta yi dabara. Tunda F2 rage sauti take aikawa, kuma Windows yana ganin rage sauti a matsayin maɓalli, ta ce Volume Down ya koma F2. Ya yi aiki kuwa. Sai dai yanzu F2 tana ba da F2, Fn+F2 ma F2, babu sauran hanyar rage sauti a kibod. Da ta zo kan F4 da F12 dabarar ta tsaya, na makirfo da na jirgin sama ba su fito a manhajar ba sam, ta wata hanya daban suke bi.

Sai ta fara ƙirƙira. Ctrl+Q ya zama F4. Ctrl+Shift+Q ya zama F12. Da ta ga abin yana da daɗi sai ta ƙara wasu da ba su da alaƙa da matsalar farko, ciki har da Ctrl+D ya koma Ctrl+; mai saka kwanan watan yau a Excel, wai D ya fi sauƙin tunawa. Kafin Alhamis tana da canji 14.

Ctrl+D a Excel shi ne ke kwafo abin da ke gidan sama ya cika na ƙasa, kuma tana amfani da shi, ba ta dai san tana yi ba sai da ta zaɓi gidaje za ta cika ta ga kwanan wata ya faɗo. Akwai wani gurbi a Keyboard Manager inda ake rubuta sunan manhajar da kake so canjin ya tsaya a kanta, misali excel.exe, ita ta bar shi fanko a duka, don haka canje-canjen suka bi ta har burawza da Word. Cikin 14 ɗin kuma, da na tambaye ta daga baya, 6 kawai ta iya lissafowa da ka.

Akwai kuma wata tsohuwar manhajar lissafi da ofis ke amfani da ita wadda sai da ikon admin (mai cikakken iko a kan kwamfutar) take buɗewa. A cikinta babu ko ɗaya da ya yi aiki. Windows ba ya barin manhaja mai ƙaramin iko ta tsoma baki cikin maɓallan da ke zuwa wa mai babban iko, sai in an buɗe PowerToys ɗin shi ma a matsayin admin. Sai ya zama F2 ɗinta tana da hali biyu, a Excel gyara, a can rage sauti.

Mako na 4: AutoHotkey

Wani matashi a ofis ya ce duk wannan wasan yara ne, AutoHotkey ne maganin. Gaskiya tana da ƙarfi, tun 2003 take, yaren rubuta umarni ce guda, ^ na nufin Ctrl, ! na nufin Alt, + Shift, # kuma maɓallin Windows. Ya kwafo mata wasu layuka daga intanet ya liƙa a sabon fayil, ya buɗe, sai ga akwatin kuskure. Layukan na sigar 1 ne, fayil ɗin kuma an bayyana shi na sigar 2 wadda ta fito a ƙarshen 2022, kuma rubutunsu ba ɗaya ba ne, a ta 1 za ka rubuta Send da waƙafi sai maɓallan, a ta 2 sai an saka maɓallan cikin alamar zance. Ya gyara wannan.

Abin da ta roƙa ya ƙara mata shi ne hanyar liƙa lamba zalla ba tare da fomula da kala ba, don tana yawan kwafo jimla daga wani shafi. Hanyar da aka sani ita ce Ctrl+Alt+V, sai V, sai Enter. Shi kuma don ya burge sai ya ɗora wannan jerin a kan Ctrl+V kansa, kuma bai taƙaita shi ga Excel ba.

Da la'asar ta kwafo lambar wata takarda za ta tura wa shugaban sashe a akwatin hira na burawza. Ta danna Ctrl+V. Burawza bai san Ctrl+Alt+V ba ya share, sai harafin v ya fito, sai Enter ya tura shi. Ta sake. Ya sake tafiya. Shugaban ya samu v guda uku a jere, ya rubuto yana tambaya ko lafiya.

Wannan an yi dariya an wuce. Wanda ba a yi wa dariya ba sai bayan kwana 2 ya fito. Duk fomular da ta kwafa ta liƙa a Excel cikin kwanakin nan ta koma lamba busasshiya. A ido babu bambanci, jimla tana nan daidai, amma da aka gyara farashin wani kaya a sama jimlar ƙasa ba ta motsa ba. Shafi 3 abin ya shafa, ta kwashe rabin yini tana bi gida gida tana duba wanne ne fomula wanne ne gawa. A lokacin PowerToys yana kunne da 14 ɗinsa, AutoHotkey yana kunne da nasa, Fn+Esc wata rana a kunne wata rana a kashe, in maɓalli ya yi abin da ba a sa shi ba babu wanda zai iya cewa ga mai laifi.

Mako na 5: rushewa da sake gini

Ran Talata ta ajiye min laftof ɗin a tebur ta ce ko in gyara ko a dawo mata da tsohuwarta. Mun zauna kamar awa 2.

Ban ƙara komai ba da farko. Muka rufe AutoHotkey, muka goge duka 14 na Keyboard Manager muka kashe shi, na buɗe Registry na leƙa HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Keyboard Layout na tabbatar babu sauran Scancode Map, muka ristat. Kibod ya koma yadda ya fito daga kwali, da duk muguntarsa. Sai na ba ta takarda na ce ta rubuta abin da ke damunta na asali, ban da wanda ya zo daga baya. Layi biyu ta rubuta, layin F da wurin Ctrl. Na ce ta rubuta abin da take so a ƙara. Uku, liƙa lamba zalla, kan wasiƙa a Word, da wata doguwar jimlar rufe saƙo da take bugawa sau da yawa a rana.

Sannan BIOS. Ba sai ka yi tseren danna maɓalli lokacin kunnawa ba, ka riƙe Shift ka danna Restart, sai Troubleshoot, sai Advanced options, sai UEFI Firmware Settings. Kafin nan na sa an nemo mana lambar ceto ta BitLocker (makullin da Windows ke rufe bayanan kwamfuta da shi) mun ajiye a gefe, ba don saitin kibod yana jawo ta ba, don dai in hannu ya zame ya taɓa wani abu kar a tsaya cirko-cirko. Sunan saitin ya danganta da kamfani, a HP za ka ga Action Keys Mode, a Dell Function Key Behavior, a Lenovo HotKey Mode ko F1-F12 as Primary Function. A tata mun samu na layin F, kuma ƙasa da shi kaɗan ga wani na musanya Fn da Ctrl, wanda ba kowace laftof ke da shi ba. Na ce ita za ta danna da hannunta. Ta canza biyun, ta ajiye, ta fita. Bai kai minti 4 ba har da karanta kowane layi sau biyu da ta yi.

Ta buɗe Excel, F2, gidan ya buɗe. F4, alamar dala ta fito. Ta kai ƙaramin yatsa kusurwa ta danna Z, ya koma baya. Muka kashe kwamfutar ɗungurungum muka kunna, yana nan. Ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "Shi ke nan? Wata guda?"

Sauran ukun muka fara nema a cikin manhajojin kansu. Excel na Windows ba shi da wurin canza haɗin maɓallai irin na Word, amma yana da ɗan layin nan na sama, Quick Access Toolbar, duk abin da ka saka a ciki yana samun lamba, na farko Alt+1, na biyu Alt+2, haka. Muka saka Paste Values muka tura shi farko. Alt+1 ya zama liƙa lamba zalla, Ctrl+V ya zauna a matsayinsa. Sababbin sigogin Excel ma suna da Ctrl+Shift+V na wannan aikin, ta dai ce Alt+1 ya fi mata. Kwanan wata kuma ta haƙura da Ctrl+; yadda yake.

A Word, File, Options, Customize Ribbon, can ƙasa akwai Customize na maɓallai. Abin da nake so da wannan wurin shi ne in ka danna haɗin da kake so yana gaya maka wa ke riƙe da shi a yanzu, kafin ka ƙwace. Biyu na farko da ta zaɓa duk da masu su, na uku ne ya nuna babu kowa, muka ɗora masa salon rubutun kan wasiƙa. Shi kuma rubutun kan wasiƙar muka ajiye shi a AutoText, ta buga gajeren sunansa ta danna F3 ya zubo. Duk waɗannan a fayil ɗin Normal.dotm suke zama, muka kwafe shi gefe, muka fitar da saitin layin Excel shi ma.

Washegari wata sabuwa ta ɓullo. Tsohon kibod ɗinta akwai fili tsakanin Esc da F1, kuma F ɗin an raba su huɗu huɗu, yatsa na jin iyaka. Na laftof a manne suke ƙanana, in ta kai hannu F2 ko Esc sai ta gogi F1, akwatin taimako ya buɗe a gefe. Da can F1 kashe sauti take yi shi ya sa ba ta lura ba. Nan ne muka dawo da AutoHotkey, da sabon fayil gajere:

#Requires AutoHotkey v2.0
#HotIf WinActive("ahk_exe EXCEL.EXE")
F1::return
#HotIf

Ma'anarsa in Excel ne a gaba, F1 kar ta yi komai, a ko'ina kuma tana nan. Ctrl+F1 mai naɗe layin kayan aiki bai shafu ba, don umarnin F1 ita kaɗai ya tare. Ƙasa da wannan muka ƙara layi ɗaya, in ta buga qq1 ta danna sarari ya buɗe ya zama doguwar jimlar nan. Muka zaɓi qq don babu kalmar da za ta fara da haka bisa kuskure. Muka danna maɓallin Windows da R, muka buga shell:startup, muka jefa gajeriyar hanyar fayil ɗin a foldar don ya riƙa tashi da kansa. Keyboard Manager muka bar shi a kashe. Duk abin da aka canza da inda aka canza shi muka rubuta a takarda ɗaya, layi 7, ta liƙa a cikin murfin littafinta.

Bayan wata 3

A mako na 6 ta sake ƙirga irin ta farko, ƙarfe 9 zuwa 12, ta samu 3, duka na lambobi ne saboda rashin gefen lambobi, babu na F. Shafin layi 200 ya dawo wajen minti 55. Daga baya aka ba ta kibod na waje ta jona, kuma babu abin da ya rikice, don saitin BIOS kibod ɗin jikin laftof kaɗai ya shafa, na waje da ma Ctrl ɗinsa a kusurwa yake, Alt+1 da F3 da qq1 kuma duk sun bi ta.

Abu biyu sun faru. Mai karɓar laftof ran Juma'a ya sake kawo ƙara, ya danna maɓallin da aka rubuta Ctrl bai kwafa ba, tunda rubutun jikin maɓallan bai canza ba, aikinsu ne ya canza. Ta yanko ɗan farin tef ta rubuta da biro ta manna a kan biyun. Sannan sau ɗaya bayan an sabunta BIOS saitin ya koma na asali, F2 ta rage sauti da safe, ta buɗe littafi ta duba takardar, ta shiga da kanta ta mayar, sai da rana take ba ni labari.

Abin da na gani

Duk abin da ta gwada a mako 4 na farko kayan kirki ne, babu wanda ya yi abin da ba a sa shi ba. Matsalar ita ce danna maɓalli hawa-hawa yake bi kafin ya zama aiki, kuma ita tana gyara a saman bene alhali tsagar tana tushe. Fn ba ya isa Windows ma, wani ɗan guntun kwakwalwa ne a cikin laftof ɗin ke karɓarsa ya yanke abin da zai aika sama, shi ya sa SharpKeys da PowerToys duk suka kasa ganinsa, ko manhaja ɗari za ta sauke haka za ta samu. Wanda ke magana da wannan guntun shi ne BIOS, ko manhajar kamfanin da ya ƙera na'urar in tana da wannan zaɓin. Registry yana sama da shi kaɗan, shi ya sa ya kama kowa har shafin kalmar sirri. PowerToys da AutoHotkey suna sama kuma, sai an shiga sun tashi, kuma ikon admin na iya tare su. Word da Excel su ne a ƙoli, abin da ka canza a cikinsu ba ya fita waje, kuma buƙatunta biyu cikin uku a nan aka biya su ba tare da an sauke komai ba.

Kuskuren da ya fi tsada a ganina ba ƙin shiga BIOS ba ne, wannan tsoro ne kuma ina fahimtarsa, lokaci kawai ya ci. Wanda ya ɓata lissafi shi ne ƙwace haɗin da ke da mai shi, Ctrl+D da Ctrl+V, a ɗora musu wani aiki kuma a bar shi ya bi ko'ina. Hannunta ya fi ta sanin maɓallan da take amfani da su, duk wanda aka taɓa cikinsu sai hannun ya tona.

Ba na cewa kowa zai samu sauƙin da ta samu. Da laftof ɗinta ba ta da zaɓin musanya Fn da Ctrl, to maida Caps Lock ya zama Ctrl da ta yi a mako na 2 shi zan ba ta shawara, sai dai da PowerToys maimakon Registry tunda ba ita kaɗai ke amfani da na'urar ba, kuma bayan ta koyi Shift. Tsohuwar manhajar lissafin nan mai ikon admin kuwa har yau qq1 ba ya aiki a cikinta. Za a iya ta da AutoHotkey a matsayin admin ya shiga, na ƙi, ban ga dalilin ba wa fayil mai sauraron kowane maɓalli irin wannan ikon ba saboda jimla ɗaya. A can da hannu take bugawa, kamar sau 4 a mako.